Tarin ƙananan yara a hunturu: kulawar gida da iyakarta

Daga watan Nuwamba zuwa Fabrairu, idan hunturu ya sauka a kudancin Jigawa, da wuya a shiga gida mai ƙananan yara a Fagam ko Gwaram ko Sara ba a ji tari ba. Hazo ya rufe duwatsu, ƙurar sussukar gero da dawa ta cika iska, dare ya yi sanyi, iyali sun taru a ɗaki guda an rufe ƙofa da taga, wani lokaci har da kaskon wuta a tsakiya. A irin wannan zama ne mura ke saurin tsallakawa daga wannan yaro zuwa wancan. Mafi yawan tarin nan da kansa yake warkewa, kuma uwa ba ta yi laifi ba idan ta fara da abin da ke hannunta, domin babu mai ɗaukar yaro a kan babur zuwa Birnin Kudu saboda 'yar majina. Sai dai a cikin tarin da ba komai ba ne mai kisa yake ɓuya. Alƙaluman UNICEF sun nuna cewa a shekarar 2018 limoniya ta kashe yara 'yan ƙasa da shekara biyar kimanin 162,000 a Najeriya, fiye da kowace ƙasa a duniya, kuma tari na cikin alamominta na farko. Magana ɗaya wannan jagora ta tsaya a kai: kulawar gida tana da amfani na gaske, da sharaɗin mai yin ta ya san inda ta ƙare, kuma a numfashin yaro ake gane wannan iyaka, ba a ƙarfin tarinsa ba.

Tari iri-iri ne

Tari hanya ce da jiki ke fitar da majina da ƙura daga hanyar iska, don haka hana shi gaba ɗaya ba shi ne manufa ba. Tarin mura shi ne wanda aka fi gani: hanci na yoyo, jiki ya ɗan yi zafi, amma yaro na cin abinci yana wasa. Ƙwayoyin bairos ne ke kawo shi, yakan ɗauki mako ɗaya zuwa biyu, wani lokaci ya ɗan zarce. Akwai kuma wanda ya fi tayar wa iyaye hankali, wanda likitoci ke kira kuruf. Yakan kama yara daga wata shida zuwa shekara uku, ya faro da mura ta kwana ɗaya ko biyu, sannan cikin dare yaro ya farka da tari busasshe mai kama da haushin kare, murya ta dushe, wani lokaci kuma a ji wata ƙara mai kaushi duk sanda ya ja numfashi. Dalilinsa kumburi ne a maƙogwaro, daidai ƙasa da inda murya ke fita. Wannan wuri a jikin jariri faɗinsa bai wuce milimita 4 ba, kuma idan bangonsa ya kumbura da milimita 1 kawai ta kowane gefe, kashi uku cikin huɗu na hanyar iskar ya tafi. Kumburin da zai sa babba dashewar murya kurum shi ne ke sa ƙaramin yaro kokawa da numfashi. Duk da ban tsoronsa, mafi yawan kuruf mai sauƙi ne, haushin tarin yakan lafa cikin kwana biyu ko uku, kuma ya fi tsananta da dare, ya yi sauƙi da rana.

Matsalar ita ce akwai cututtuka masu haɗari da ke shigo da kamar wannan. Limoniya a huhu take, kuma tarinta na iya zama ba shi da ƙarfi ko kaɗan alhali yaro na cikin hali. Mashaƙo, wanda ya ɓarke a Najeriya daga ƙarshen 2022, ya fi tsanani a Kano, ya kuma taɓa wasu jihohi har da Jigawa da Bauchi da Yobe, shi ma yana dashe murya ya kawo tari mai haushi, amma yakan zo da ciwon maƙogwaro da kumburin wuya da wata fata mai ruwan toka da ke manne a maƙoshi. Tarin shiƙa na zuwa a jere ba ƙaƙƙautawa har yaro ya yi amai ko numfashinsa ya ɗauke. Ƙyanda na iya kumbura maƙogwaro, kuma kuruf ɗin da ya biyo bayanta ya fi na kullum haɗari. Sannan a ƙasar da ake noman gyaɗa dole a riƙa tuna wani abu: yaron da ke lafiya lau, ba mura ba zazzaɓi, ya ƙware farat ɗaya yana ci ko yana wasa, daga nan tari ya ƙi barinsa, mai yiwuwa ƙwayar gyaɗa ko wake ko ɗan dutse ne ya bi hanyar iska. Babu ɗaya daga cikin waɗannan da zuma ko jiƙo ke warkarwa. Shi ya sa aikin farko a gida dubawa ne, kafin a kai ga bayarwa.

Yadda ake duba numfashi

Hukumar Lafiya ta Duniya ta tsara wata hanya mai sauƙi da ma'aikatan lafiya a cibiyoyin matakin farko ke bi, kuma babu abin da zai hana uwa ko uba su koye ta. A jira yaro ya natsu, domin lissafin mai kuka ba ya nuna gaskiya. Lokacin da yake barci ko ya gama shan nono ya fi dacewa. A kwantar da shi a cinya, a ɗage rigarsa har ƙirji da ciki su fito, a haska da tocila idan dare ne. A ɗora agogon waya a gefe, a zuba wa ciki ido: tashi da sauka numfashi ɗaya ke nan. A ƙirga har minti guda cikakke, kada a ƙirga rabi a ninka, domin numfashin jarirai yakan yi sauri ya kuma lafa. Jaririn da bai kai wata biyu ba, idan ya yi 60 ko fiye a minti ɗaya, numfashinsa ya yi sauri. Daga wata biyu zuwa ƙasa da shekara ɗaya iyakar 50 ce. Daga shekara ɗaya zuwa biyar 40 ce. Idan lissafin ya kai iyaka, a sake ƙirgawa. Idan ya sake kaiwa, a kai yaro wurin ma'aikacin lafiya a wannan rana, ko da tarin bai da yawa.

Bayan lissafi sai a dubi ƙasan haƙarƙari. Yaro mai lafiya idan ya ja iska, ƙirji da ciki tare suke tasowa. Idan kuwa ƙasan ƙirjin ne ke loɓawa ciki duk sanda ya ja numfashi, alhali ba kuka yake ba, huhunsa na wahala. Sai a saurara. Ƙarar nan mai kaushi ta kuruf, idan sai yana kuka ko yana tsalle ake jinta, kuma ta ɓace da zarar ya natsu, ana iya ci gaba da kula da shi a gida. Idan kuwa ana jinta yana zaune shiru ko yana barci, hanyar iska ta ƙuntata sosai, kuma wannan na asibiti ne nan take. Haka nan idan ya kasa shan nono ko ruwa, ko yana amayar da duk abin da ya shiga cikinsa, ko ya yi jijjiga, ko jikinsa ya saki ana tashinsa da ƙyar, ko leɓe da harshe sun sauya launi sun yi duhu, ko yawu na dalala ya kasa haɗiya, ko wuya ya kumbura. Jaririn da bai kai wata biyu ba kuwa, da zarar zazzaɓi ko wahalar numfashi ta bayyana, ba a jinyarsa a gida. Yaro mai tamowa shi ma ba a jira da shi. Tarin da ya wuce mako biyu yana buƙatar bincike, domin tarin fuka da asma suna kama yara.

Wani zai ce wannan aikin likita ne, mace a ƙauye ba ta yi karatun da za ta iya ba. Wannan raina wa iyaye mata hankali ne. Matar da ke auna hatsi da ido, ta san kuɗin adashinta ba tare da rubutu ba, ƙirga hamsin a minti ɗaya ba zai gagare ta ba. Ido ba mudu ba ne amma ya san ƙima, kuma babu idon da ya san yaro kamar na wadda ke goya shi. Abin da ake buƙata kawai a nuna mata inda za ta duba, ta kuma gwada a kan ɗanta tun yana lafiya, don ta san yadda numfashinsa na kullum yake.

Idan tarin haushi ya tashi cikin dare

Abu na farko shi ne babba ya mallaki kansa. Yaron da ya ga uwarsa ta ruɗe, ɗaki ya cika da mutane ana salati da ƙarfi, tsoro zai kama shi ya yi ta kuka, kuka kuwa na sa iska ta riƙa shiga da ƙarfi ta ƙuntatacciyar hanya, numfashi ya ƙara wuya. A rage jama'a. Uwa ta ɗauke shi ta zaunar a cinyarta, ko ta ɗora shi a kafaɗa ƙirjinsa na jingine da nata, ta riƙa shafa bayansa tana yi masa magana a hankali. Kada a tilasta masa kwanciya idan zama ya fi masa daɗi. Kada a danna masa cokali ko yatsa a baki don a leƙa maƙogwaro, domin idan kumburin mai tsanani ne hakan na iya toshe hanyar gaba ɗaya. Idan akwai garwashi ko turaren wuta ko maganin sauro na kunnawa, a fitar da su, a buɗe taga.

Daga nan a lulluɓe jikinsa da kyau, a bar fuskarsa a buɗe, a fito da shi bakin ƙofa ko tsakar gida ya shaƙi iskar dare na ɗan lokaci, muddin ba a cikin iska mai ƙura ake ba. Nan ne mutane da yawa za su ja da baya, su ce ai sanyi ne ya kama yaron, ta yaya za a sake kai shi cikin sanyi? Amsar ita ce ƙwayar cuta ce ta kama shi, daga wani mai mura ya ɗauka, kuma iska mai sanyi na iya rage kumburin maƙogwaro. A wani gwaji da aka yi a asibitin yara na Janeba a ƙasar Suwizalan, aka buga a 2023, yaran da aka fitar cikin sanyin waje na minti 30 sun fi samun sauƙi a kan waɗanda aka bari a ɗaki. Dukkan yaran an riga an ba su maganin asibiti, saboda haka iskar taimako ce, ba ta ɗauke wa magani aikinsa. Idan yaro ya natsu, ƙarar ta lafa, a ba shi nono ko ruwa kaɗan-kaɗan, a kwana kusa da shi, a riƙa farkawa ana saurare, domin dare na biyu yakan yi kamar na farko ko ya fi. Idan ya natsu amma ƙarar tana nan, ko ƙirji na loɓawa, a kama hanya, kada a jira asuba. Shirun da ya zo bayan doguwar wahala, yaro ya yi laushi ƙarar ta ragu, gajiya ce, kuma ita ce alama mafi haɗari.

Abin da ke taimakawa

Ga jaririn da bai kai wata shida ba, nonon uwa ya wadatar, a ƙara yawan shayarwa, kada a haɗa masa da ruwa ko dauri. Idan hanci ya toshe har ya kasa kama nono, a tafasa ruwa kofi ɗaya, a narkar da rabin ƙaramin cokali na gishiri, a bari ya huce, a ɗiga ɗigo biyu a kowace ƙofar hanci kafin shayarwa, a share majinar da ƙyalle mai tsabta. A haɗa sabo kowace rana. Wanda ya fara cin abinci a ci gaba da ba shi, ko da kaɗan-kaɗan ne sau da yawa: kunun gyaɗa, koko, romo mai ɗumi ba mai yaji ba, da ruwa mai tsabta. Ruwa a jiki na sa majina ta yi laushi ta fita da sauƙi. Idan zazzaɓi na damunsa, a ba shi farasitamol na yara daidai nauyinsa yadda ma'aikacin lafiya ya nuna, kada ya wuce sau huɗu a yini da dare, kuma ba a ba yara asfirin. A ƙasarmu zazzaɓi yana buƙatar gwajin maleriya, domin tari bai hana zazzaɓin cizon sauro kasancewa tare da shi.

Zuma ita ce maganin gida da ya fi samun goyon bayan bincike. Musulmi sun san darajarta daga Suratun Nahli, kuma gwaji ya zo ya ƙarfafa amfaninta ga tarin yara. A 2007 wani gwaji a jihar Fensilbaniya ta Amurka ya nuna cewa zuma kafin barci ta rage tarin dare fiye da rashin ba da komai. Masana daga Kalaba a nan Najeriya ne suka tattara gwaje-gwajen duniya a kan wannan, kuma a bitar da suka fitar a 2018, wadda ta ƙunshi gwaji shida da yara 899, suka ga cewa zuma tana sauƙaƙa tari fiye da barin yaro haka, kuma ba ta gaza wasu magungunan tari na kwalba ba. Ga ɗan shekara ɗaya zuwa biyar, rabin ƙaramin cokali zuwa cokali ɗaya kafin barci ya isa, a lasa masa ko a dama a ruwan ɗumi da ɗan lemon tsami. A nemi zumar amya daga hannun wanda aka sani, domin ta kasuwa sau da yawa haɗin sukari ce. A kuma sani cewa zuma maƙoshi take lallashi. Ba ta sauke kumburin kuruf, ba ta kashe limoniya. Citta da kanumfari ba su da hujjar gwaji irin ta zuma ga yara, amma ɗan shayinsu mara ƙarfi ba ya cutar da wanda ya wuce shekara. Masoro da barkono da kanwa kuwa ba na cikin ƙaramin yaro ba ne.

Sharaɗi ɗaya ne ba a sassauta shi: ba a ba jaririn da bai cika shekara ɗaya ba zuma, ko ɗigo. Kakanni za su ce sun lasa wa 'ya'yansu ba abin da ya same su, kuma gaskiya suka faɗa, domin cutar ba ta da yawa. Amma tana nan. Zuma, ko da mai kyau ce, tana iya ɗaukar irin wata ƙwayar bakteriya da hanjin babba ke iya dannewa, na jariri kuwa bai yi ƙarfin haka ba, sai ta tsiro a ciki ta saki dafi mai shanye jiki, jariri ya kasa tsotso, wuya ya saki, numfashi ya raunana. Tafasawa ta gida ba ta kashe irin. Haƙurin 'yan watanni ne kawai, kuma jariri na da nono da ya fi masa zuma.

Abin da ya kamata a bari

Sirace shi ne abin da hannu ya fi saurin kaiwa gare shi: tukunyar ruwan zafi da ganye, a lulluɓe yaro da bargo. Likitoci ma sun daɗe suna ba da shawarar tururi ga kuruf, har sai da aka gwada. A 2006 wani gwaji a Toronto ta Kanada a kan yara 140 ya nuna cewa iska mai danshi ba ta rage tsananin kuruf ba. Abin da sirace ke kawowa tabbas shi ne haɗarin ƙuna: yaro mai tsoro a ƙarƙashin bargo, yana fizge-fizge a kan tafasasshen ruwa. Sauƙin da iyaye ke gani bayan sirace yawanci na runguma ne da wucewar lokaci, kuma ana samun wannan ba tare da tukunya ba. Hayaƙi kowane iri, na turare ne ko na itace ko na taba, yana ƙara fusata hanyar iska, kuma goya yaro a baya a cikin madafa mai hayaƙi na cikin abubuwan da ke jawo limoniya. Kaskon gawayi a rufaffen ɗaki yana fitar da iskar guba mara wari da ke kashe masu barci. Man zafi da kafur ba a shafa su a hancin jariri, ba a kuma ba yaro ya haɗiya, domin kafur na kawo jijjiga. Ɗura wa yaro man ja ko man shanu da ƙarfi, an toshe masa hanci, yana iya tura man cikin huhu. Kananzir guba ne tsantsa.

Cire belu magana ce mai nauyi, domin wanzamai mutane ne masu daraja a cikinmu, kuma iyaye don ƙauna suke kai 'ya'yansu. Amma belu ba ya kawo tari, kuma kumburin kuruf can ƙasa yake, nesa da inda askar wanzami ke kaiwa. Yanka a maƙoshin yaron da ke neman iska na jawo zubar jini, jinin na iya bin hanyar numfashi, raunin na iya ruɓewa ko ya kawo ciwon sandarewar jiki, sannan zafin ya hana shi ci da sha a lokacin da ya fi buƙata. Yaron da ya warke bayan an cire masa belu, kwanakin ciwonsa ne suka cika.

Maganin tari na kemis shi ma ba mafita ba ne, ko da yake kwalba da takarda na sa a ga kamar ya fi jiƙon gida inganci. Hukumar magunguna ta Amurka ta gargaɗi iyaye a 2008 kada su ba 'yan ƙasa da shekara biyu irin waɗannan magunguna, Birtaniya kuma a 2009 ta kai iyakar zuwa shekara shida, saboda amfaninsu bai tabbata ba, illarsu kuwa ta tabbata. Da yawansu barci suke sawa, sai a ɗauka yaro ya samu sauƙi alhali an rufe alamar da ya kamata a gani. Gwamnatin tarayya ta haramta maganin tari mai kodin a watan Mayun 2018. Ba mu manta da maganin haƙori na My Pikin ba, wanda gubar da ke cikinsa ta kashe yara 84 a Najeriya daga ƙarshen 2008, ko yara kimanin 70 da suka rasu a Gambiya a 2022 bayan shan gurɓatattun magungunan tari. Duk abin da za a saya ya kasance da lambar NAFDAC, kuma ma'aikacin lafiya ne ya rubuta. Ragowar maganin kashe ƙwayoyin cuta na wani yaro ba ya aiki a kan mura ko kuruf, domin bairos ba ya jin sa.

Nisa da tsada

Hujja mafi ƙarfi da iyaye ke da ita ita ce ta hanya da aljihu. Daga wasu ƙauyukan Fagam da Farin Dutse da Basirka, isa asibiti cikin dare aiki ne: neman babur, kuɗin mai, sanyi, da tsoron a je a tarar babu kowa. Wannan gaskiya ce, kuma hakki ne a kan gwamnati da shugabannin al'umma su tabbatar cewa cibiyoyin lafiya na kusa suna da ma'aikaci da magani da iskar oksijin. Amma nisan nan shi ne dalilin da ya sa dole a tashi da wuri, domin wanda ke kusa da asibiti ne kaɗai ke da damar jira ya gani. Abin da ake samu a can kuma ya cancanci tafiyar. Ga kuruf akwai deksametason, sha ɗaya, mai araha, da ke sauke kumburi cikin 'yan sa'o'i. Ma'aikacin lafiya ne ke auna shi da nauyin yaro, ba a sayo shi a kemis a yi ta ba yaro, domin yawan shansa na raunana jiki. Ga mai tsanani akwai adirenalin da ake shaƙa ta na'ura, yana aiki cikin mintoci, amma ƙarfinsa na gushewa cikin kamar sa'a biyu, shi ya sa ake riƙe yaro a sa masa ido. Ga limoniya akwai amoksisilin mai narkewa a ruwa, wanda dole a shanye shi har ƙarshen kwanakin da aka rubuta. Mashaƙo na buƙatar allurar karya dafi da keɓewa. Abin da ya fi ƙarfin cibiyar kusa ana tura shi Gwaram, ko Cibiyar Lafiya ta Tarayya da ke Birnin Kudu, ko asibitin koyarwa na Rasheed Shekoni a Dutse.

A nan ne nauyi ya koma kan maigida. Sau da yawa uwa ta ga alamar tun da wuri, amma miji ya tafi kasuwa ko cirani, ita kuma ba za ta fita ba izini ba, babu kuma kuɗi a hannunta. Tun kafin hunturu ya shigo, ya kamata kowane magidanci ya faɗa wa iyalinsa a fili, a gaban mahaifiyarsa da 'yan'uwansa, cewa idan numfashin yaro ya canza an yarda a tafi da shi asibiti ko yana nan ko ba ya nan. Ya ajiye ɗan abin hawa babur a wuri sananne, ya sa lambar mai babur amintacce a wayar gida. A hanya a riƙe yaro a zaune, a lulluɓe, fuska a buɗe, a tafi da katin rigakafinsa da duk abin da aka riga aka ba shi.

Katin nan kuwa shi ne kariyar da ta riga kowace jinya. Allurar fenta da ake yi a mako na 6 da na 10 da na 14 tana kare yaro daga mashaƙo da tarin shiƙa da ƙwayar da ke kumbura murfin maƙogwaro, tare da ita ake yin ta limoniya, sannan ta ƙyanda a wata tara da wata goma sha biyar. Kyauta ake yin su a cibiyoyin gwamnati, kuma mafi yawan yaran da mashaƙo ya kama a ɓarkewar nan ba su kammala rigakafi ba. Iyaye, ku duba katin 'ya'yanku a wannan mako, ku cike abin da ya rage. Ku koyi ƙirga numfashi tun yaro yana lafiya, ku koya wa maƙwabta. Idan tari ya zo, ku ba da nono da ruwa da zuma ga wanda ya cika shekara, ku nisanta shi da hayaƙi. Idan numfashi ya yi sauri, ko ƙirji ya loɓa, ko ƙara ta fito yana zaune shiru, ku ɗauke shi zuwa asibiti a wannan sa'a. Allah Ya raya mana zuri'a cikin ƙoshin lafiya.